Me ya sa hotonka ke fitowa dishi-dishi, kuma wane gyara ne ya cancanci kuɗinka?

Ka taɓa ɗaukar hoto a wajen biki a Ƙanƙara bayan magariba, ka duba ka ga fuskar ango kamar an shafa ta da hannu? Yawanci ba datti ba ne a gilashin. Girgiza ce, matsalar da ko kyamarori masu tsada ba su tsira daga gare ta ba.

Daga ina girgizar take?

Kowace kyamara tana da shata, wato wani ɗan labule da ke buɗewa haske ya shiga, sannan ya rufe. Da rana tsaka buɗewar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Da daddare kuwa dole ya daɗe a buɗe don ya tara haske, kuma duk motsin da aka yi a wannan lokacin sai ya fito a hoton.

A manyan kyamarori labulen na ƙarfe ne, kuma bugun da yake yi shi kansa yana iya girgiza kyamarar. A 2006 kamfanin Leica na Jamus ya fitar da M8, irin kyamarar da ake saita nisa da hannu har sai siffa biyu sun haɗu sun zama ɗaya. Masu ita suka yi ta ƙorafin ƙarar shatarta. A 2008 kamfanin ya ce duk mai so ya aiko da tasa, ya biya, a sa masa sabuwar shata mai ƙarancin ƙara da girgiza. Sai dai saurinta ya ragu daga kashi 1 cikin 8000 na daƙiƙa zuwa 1 cikin 4000. Ka biya kuɗi, ka samu wani abu, ka rasa wani.

Gyara iri biyu ne

Na Leica aiki ne na zahiri: an kwance kyamara an canza ƙarfe. Akwai kuma wanda manhaja ce kawai. A 2015 Panasonic ya sayar wa masu kyamarar GH4 lambar buɗe wani tsarin ɗaukar bidiyo mai suna V-Log L a kan kusan dala 100. Ba a ƙara ko ƙusa ɗaya ba. Kyamarar dama tana iya aikin, makulli kawai aka sayar.

To, wayarka fa?

Kusan duk wayoyin yau ba su da labulen ƙarfe. Ƙarar da kake ji idan ka danna sauti ne da aka naɗa. Don haka girgizar daga hannunka take, kuma hanya biyu ake bi wajen rage ta.

OIS wasu ƙananan na'urori ne da ke motsa gilashin kyamara ko idon da ke karɓar haske, su bi motsin hannunka su soke shi. Akwai shi a wayoyi irin su Tecno Camon 19 Pro da iPhone 12 Pro Max. EIS kuwa dabara ce ta manhaja: tana yanke gefen hoto don bidiyo ya daidaita, amma ba ta taimakawa sosai a hoton dare.

Abin riƙewa shi ne, ba a sauke OIS daga intanet. Duk manhajar da ta ce ka biya ta sa wa wayarka shi, yaudara ce. Idan za ka sayi waya a Funtuwa ko Katsina, duba bayanan kyamarar ka ga ko an rubuta OIS, kada yawan megafiksel ya ruɗe ka.

Masu babur, a yi hattara

A Satumban 2021 Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata OIS da na'urar saita hoto ta iPhone. Ko a ƙananan babura ya ba da shawarar a yi amfani da mariƙi mai shanye girgiza, kuma kada a mayar da abin na kullum. Idan kana ɗaure wayarka a kan hannun babur daga Sabuwa ko Faskari zuwa kasuwar Sheme, gara ka sa ta a aljihu. Alamar lalacewa ita ce hoto ya riƙa rawa a fuskar waya ko da ka ajiye ta a kan tebur. Wannan sai an canza kyamarar, sabunta manhaja ba zai gyara ba.

Abin da za ka yi kyauta

Riƙe waya da hannu biyu, ka manna gwiwar hannunka a jiki. Jingina da bango ko ka ɗora wayar a kan wani abu. Sa mai ƙidayar daƙiƙa 3 don kada dannawar yatsa ta motsa ta. Sannan ka matsa da mutanen zuwa inda fitila ke haska fuskarsu. Gwada waɗannan tukuna kafin ka ciro ko naira ɗaya.