Me Ake Nema Idan Aka Kai Ruwa Ɗakin Gwaji?

Ruwa na iya fitowa garau, ba wari ba ɗanɗano, amma ya kwantar da gida guda da amai da gudawa. Ido ba ya ganin ƙwayar cuta, shi ya sa ake kai ruwa ɗakin gwaji. Sai dai masu gwajin ba kwalara ko taifod suke nema kai tsaye ba. Alamar kashi suke nema.

Cututtukan da ruwa ke yaɗawa suna da yawa, kowacce da irin gwajinta mai tsada da cin lokaci, wani sa'in ma ƙwayar ba ta da yawan da za a kama ta. Amma akasarinsu ta hanya ɗaya suke shiga ruwa: bayan gidan mutum ko na dabba. Sai masana suka zaɓi wata ƙwaya da ke zaune a hanjin kowa, mai lafiya da maras lafiya, kuma take fita da yawa a cikin kashi. Ita ce E. coli, wadda likitan yara Bajamushe Theodor Escherich ya fara bayaninta a 1885. Yawancin ire-irenta ba sa cutarwa. Amfaninta kamar na sawu ne a wurin mafarauci: in an gan ta a ruwa, to najasa ta bi ta nan, kuma duk inda najasa ta samu hanya, kwalara ma za ta samu.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: kada a samu E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, wato kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata. Ƙa'idar ruwan sha da Najeriya ta fitar a 2007 ma haka ta ce.

Aikin ba a ɗakin gwaji yake farawa ba, a bakin famfo ne ko rijiya, kuma nan aka fi yin aika-aika. Kwalbar ɗibar ruwan dole ta zama wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, ba gorar lemo da aka ɗauraye ba. Akan goge bakin famfo ko a ƙona shi da wuta, a bar ruwan ya ɗan zuba kafin a tara, yatsa kuma kada ya taɓa cikin murfi. In ruwan mai kulorin ne, ana sa wani sinadari a kwalbar da zai kashe ƙarfin kulorin ɗin, in ba haka ba zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, sakamako ya fito da kyawun ƙarya. Daga nan sai cikin ƙanƙara, a isar da shi cikin awa 6 in da hali, kada dai ya wuce awa 24. Ruwan da ya wuni a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, gwada shi ɓarnar kuɗi ce.

A ɗakin gwaji, hanyar da aka fi sani ita ce tacewa. Ana zuƙe ruwan ta cikin wata farar takarda mai ƙofofi ƙanana ainun, ruwa ya wuce, ƙwayoyin su maƙale. Sai a ɗora takardar a ɗan faranti mai abincin da ƙwayar ke so, a rufe, a sa a na'urar ɗumi ta kwana. Zafin digiri 35 zuwa 37 yana tsirar da dangin E. coli baki ɗaya, har da waɗanda ke rayuwa a ƙasa da ganyaye. Zafin digiri 44 kuwa, waɗanda suka saba da hanji ne galibi ke jure shi. Washegari kowace ƙwaya mai rai ta hayayyafa ta zama ɗigo mai launi da ido ke gani. Ma'aikaci ya sunkuya ya ƙirga ɗigon ɗaya bayan ɗaya, adadin shi ne sakamako.

Akwai kuma garin sinadari da ake zubawa a ruwan: bayan kwana ɗaya in ya koma rawaya akwai dangin ƙwayar, in kuma ya yi ƙyallin shuɗi a ƙarƙashin wata fitila ta musamman, E. coli ce da kanta.

To, yaya za a karanta takardar sakamakon? A ma'aunin da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, ƙwayar E. coli 1 zuwa 10 a mililita 100 haɗari ne matsakaici, 11 zuwa 100 babba, sama da 100 kuwa abin ya yi muni. Amma sifili ma ba takardar shaida ba ce ta har abada. Labarin kwalba ɗaya ne a rana ɗaya. Rijiyar da ta fito lafiya da rani tana iya lalacewa da ruwan farko, in akwai masai kusa da ita. Kuma wasu ƙwayoyin sun fi E. coli jure kulorin. A birnin Milwaukee na Amurka a 1993, wata ƙwaya mai suna Cryptosporidium ta kama mutane wajen 400,000 ta ruwan famfon da aka tace aka sa wa magani.

Abin da ya fi damuna shi ne inda muke ɗebo ruwan gwajin. Mai burtsatse zai gwada na bakin famfonsa ya lanƙaya takarda a bango, alhali ba a nan ake sha ba. Ruwan zai bi ta jarkar mai garuwa, ya shiga randa, moɗa ɗaya ta yi ta nutso da hannuwa goma, har da na yaron da ya fito daga masai. A babban binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya da UNICEF suka yi a 2016 zuwa 2017, an gwada ruwa a inda ake ɗibarsa da kuma a kofin da za a sha, sai aka tarar na kofin ya fi gurɓata: kusan gida 9 cikin 10 akwai E. coli a ciki. Duk mai niyyar kai ruwa gwaji, ya tafi da kwalba biyu, ɗaya daga famfo, ɗaya daga randa.