Ba Kowane Ƙullutu A Mama Ne Sankara Ba

A ganina, babu abin da ke hana matanmu zuwa asibiti kamar tsoron wuƙar likita. Da zarar mace ta shafo ƙullutu a mamanta, sai ta yanke wa kanta hukunci cewa daji ne, ta yi gum, ta koma shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Alhali akwai cututtukan kumburin mama da ba sankara ba ne, ba kuma ƙwayar cuta ke haddasa su ba, sai dai kamanninsu da sankara kan ruɗi ko da ƙwararren likita.

Mafi ruɗarwa a cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira giranulomatos mastaitis, wanda Kessler da Wolloch suka bayyana a shekarar 1972. Ya fi kama matan da ke shekarun haihuwa, musamman 'yan shekaru bayan sun shayar. Ƙullutu mai tauri kan fito a mama ɗaya, fata ta yi ja, kan mama ya shige ciki, kaluluwa ta taso a hammata, wani lokaci wurin ya fashe yana tsiyaya. Ana zaton garkuwar jiki ce ke afka wa naman maman. Sau da yawa magungunan rage kumburi irin su prednisolone kan wadatar, wani kuma yakan lafa da kansa bayan watanni masu yawa.

Akwai kuma mutuwar kitsen mama bayan bugu, haɗarin mota ko tiyata, wadda kan bar ƙullutu mai tauri har ya ja fata ciki. Akwai buɗewa da toshewar hanyoyin ruwan nono ga matan da suka kusa daina haila, abin da kan sa ruwa mai kauri ya riƙa fita. Matan da suka daɗe da ciwon suga, musamman masu allurar insulin, su ma sukan sami tauri a mama wanda ba daji ba.

To, kada wannan bayani ya sa a saki jiki. Akwai nau'in sankara mai saurin yaɗuwa da ke zuwa da ja da zafi da kumburi, tamkar ciwon mama na mai jego. Tarin fuka ma, wanda ya yawaita a Nijeriya, yakan kama mama. Ido da hannu ba sa rarrabe waɗannan, hoton asibiti ma yakan gaza. Abin da ke raba gardama shi ne a ciro ɗan nama da allura a duba shi a madubin likita, aikin da ake yi a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya.

Rashin wannan gwaji na jawo asara iri biyu. Ana iya cire wa mace mama a kan ciwon da magani zai warkar. Haka kuma, kumburin da dama zai lafa da kansa yakan sa mai magani ya yi suna da "warkar da daji", sai mai sankarar gaske ta bi sahu, ta ɓata watannin da za a iya cetonta a cikinsu.

Don haka nake kira ga mata da mazajensu: ƙullutu ko kumburin da ya ƙi jin magani cikin mako biyu, a koma wurin likita a nemi gwajin nama, kuma kada a amince da cire mama kafin sakamako ya fito. Kuɗin gwajin nauyi ne a kan maigida, kuma bai kai darajar rai ba.