Takin da Ke Saukowa Tare da Ruwan Sama

A ƙarshen watan Afrilu ko farkon Mayu, hadari yakan taso daga gabas ya rufe birnin Bauchi. Mutanen unguwar Gwallaga sun san alamunsa: iska mai ƙura, sai walƙiya da tsawa, sannan ruwa ya fara dukan kwanon rufi. Mata sukan fito da bokitai su tari ruwan. A ido, ruwan nan garau yake. Amma ba ruwa zalla ba ne. Yana ɗauke da wani sinadari da ake kira naitirojin, wanda tsiro ba ya rayuwa sai da shi.

Mene ne naitirojin?

Naitirojin iska ce marar launi, marar wari. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin. Da naitirojin tsiro yake gina ganye. Idan masara ta rasa shi, sai ganyenta na ƙasa ya yi rawaya, karanta ya tsumbure. Abin mamaki shi ne, duk yawansa a sama, tsiro ba ya iya ɗibarsa kai tsaye daga iska. Dole sai ya haɗu da wani sinadari, ya zama abin da ke narkewa a ruwa, kafin saiwa ta iya zuƙarsa.

Yadda yake shiga ruwan sama

Hanya ta farko ita ce walƙiya. Zafinta yakan kai kimanin digiri 30,000 a ma'aunin Salsiyas. Wannan zafi yana haɗa naitirojin da oksijin, abin da aka samu kuma ya narke cikin gajimare. Hanya ta biyu ita ce dabbobi. Kashi da fitsarin shanu da awaki suna fitar da wata iska mai kaifin wari da ake kira amoniya. Hanya ta uku ita ce hayaƙi: na ƙona daji, na itacen girki, na motoci da babura da masana'antu. Duk waɗannan suna tashi sama, ruwa kuma ya wanko su ya dawo da su ƙasa.

Masana sun auna wannan a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A Samaru ta Zariya an auna naitirojin da ke cikin ruwan sama tun wajen shekarar 1970. A ƙauyen Banizumbu na Jamhuriyar Nijar akwai tashar da ke tara ruwan sama domin irin wannan awo. An gano cewa abin da damina guda take zubawa a hekta ɗaya kilo kaɗan ne kawai.

Bari mu kwatanta. Buhun takin yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Abin da ruwan sama ke kawowa a hekta ɗaya cikin shekara bai kai rabin buhun nan ba. Ita kuwa masara takan buƙaci kilo 100 zuwa 120 a hekta. Saboda haka ruwan sama kyauta ce ƙarama, ba ta isa ta ciyar da gona.

A ƙasashen ƙanƙara

Yanzu mu bar Bauchi mu nufi ƙarshen duniya ta arewa. A can akwai wani babban tsibiri mai suna Girinlan, wanda ƙanƙara ta lulluɓe mafi yawansa. A tsakiyar tsibirin, dusar ƙanƙara ce take sauka maimakon ruwa, kuma ba ta narkewa. Ta bana takan kwanta a kan ta bara, kamar shafukan littafi. Kowane shafi yana riƙe da abin da ke cikin iskar shekararsa.

A shekarar 1993 masana suka gama haƙa wani rami a tsakiyar Girinlan, mai zurfin fiye da mita 3,000, suka zaro ƙanƙarar cikinsa. Irin wannan ƙanƙara ta nuna cewa naitirojin da ke sauka a can ya ninka kusan sau biyu a ƙarni na 20. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Tsakiyar Girinlan ba gona, ba mota, ba masana'anta. Iska ce ta kwaso hayaƙin Turai da Amurka ta Arewa ta kai shi can. A Antatika kuwa, can ƙarshen kudu, nesa da manyan masana'antu, ba a ga irin wannan ƙari ba.

Me ya sa wannan ya zama abin damuwa? Ƙasar yankin sanyi ba ta da naitirojin da yawa, tsirranta kuma sun saba da haka. Yawancinsu gansakuka ne da gajerun ciyayi masu jinkirin girma. Idan taki ya ƙaru, sai ciyayi masu saurin girma su danne su. Haka kuma ƙananan halittun da ke cikin tafkuna sukan sauya. Abin da ya yi wa manomin Bauchi kaɗan, ya yi wa waccan ƙasa yawa.

Darasi ga manomi

Naitirojin da ya tashi daga gona asara ce ga mai gonar. Wanda ya ƙone karan dawa da yayi, ya aika takinsa sama cikin hayaƙi. Wanda ya watsa yuriya a kan ƙasa bai rufe ta ba, wani kashi nata zai zama amoniya ya bi iska. Shi ya sa malaman gona suke ba da shawara a binne taki kusa da gindin shuka lokacin da ƙasa take da laima. Suna kuma son a riƙa shuka wake da gyaɗa da waken suya, domin a saiwarsu akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu kamo naitirojin daga iska.

Iskar duniya ɗaya ce, ba ta san iyakar ƙasa ba. Idan hadari ya sake tasowa a kan Gwallaga, ɗalibi ya tuna cewa abin da ke cikin bokitin gidansu, shi ne ake samu a ƙanƙarar Girinlan.

Tambayoyi

1. Kawo hanyoyi uku da naitirojin yake bi ya shiga ruwan sama.
2. Me ya sa aka kwatanta ƙanƙarar Girinlan da littafi?
3. Bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin wannan darasi.