Gandun gari a ƙasar Tasawa da Mayahi: wa ya dasa, wa ke da inuwar?

Duk wanda ya ratsa Tasawa ko Mayahi da tsakar rana a watan Afirilu ya san inda jama'a ke taruwa. Ƙarƙashin dogon yaro ne: ƴan fada da butar shayi, ƴan kabu-kabu masu jiran fasinja, mata masu tuyar ƙosai, ɗalibai da littattafansu. A manyan birane akan kewaye fili da shinge, a sa kujeru, a kira shi lambun shaƙatawa. A ƙananan garuruwan jahar Maradi kuwa, gandun itatuwan gari da filayen inuwa ne suka daɗe suna wannan aiki, kuma ba da kansu suka tsiro ba.

Son inuwa tsoho ne a nan. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya ba da labarin gidaje masu danga da manyan itatuwa suka yi wa rumfa. A wancan zamani tsamiyar ƙofar fada ko kukar bakin kasuwa ba ta buƙatar mai gadi. Wata sarki ne ya hana taɓa ta, wata kuma tsoron iskokin da ake cewa suna zaune a kanta ya isa ya kore gatari.

Turawan Faransa ne suka shigo da takarda cikin maganar. Dokar gandun daji ta 4 ga Yulin 1935, wadda ta shafi ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, ta mayar da daji ƙarƙashin ikon hukuma. Dogon yaro ma baƙo ne, asalinsa ƙasar Indiya, a zamanin mulkin mallaka ya bazu a bakin hanyoyi da harabar ofisoshi. Bayan samun ƴancin kai, dokar 1974 ta bi sawun ta Turawa, ta jera itatuwan da aka hana sara ba da izni ba, cikinsu har da gawo da goriba da tsamiya da aduwa.

Farin 1973 da 1974 ne ya sa dashe ya zama aikin ƙasa. Daga 1975, zamanin Seyni Kountché, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, aka kuma ɗora wa ƙungiyoyin samariya aikin. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: mai gari ya ware fili a gefen gari, ma'aikatan gandun daji su kawo ƴan itatuwa daga wurin reno, samari su haƙa ramuka ana kiɗa ana guɗa. A watan Mayun 1984 an yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maradi, ya ƙara wa wannan shiri ƙarfi, ga kuma yunwar da mutanen yankin ke kira El Buhari tana bakin ƙofa.

Da yawa cikin waɗannan gandaye ba su kai ko'ina ba, kuma dalilin ba ƙarancin ruwa kaɗai ba ne. An dasa da damina, rani ya zo babu mai ban ruwa, awaki suka gama da abin da gara ta bari. Babbar matsalar ita ce ba wanda ya san mai itacen. Filin na wani ne aka karɓa, gumin na samari ne, amma ranar da mutum ya sari reshe don rufin ɗaki, sarkin daji ne zai ci shi tara. Wa zai ɗauki tulu ya shayar da icen da taɓa shi laifi ne? Waɗanda suka rayu galibi su ne na harabar lakwal da asibiti da kasuwa, inda akwai shinge da wani takamaimai mai sa ido. Inuwar da ake sha a yau, mafi yawanta daga nan take.

Abin da gandun hukuma ya kasa, gonaki suka yi. Daga 1983, a yankin Maradi, wani ma'aikacin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma ga kututturan da ke tohowa a gonakinsu: a bar ƴan rassa masu ƙarfi, a datse sauran. Wannan shi ne sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agye, maƙwabciyar Tasawa, ya yi suna a kai saboda kwamitocin sa ido da mutanen gari suka kafa da kansu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Gandu mafi girma da gundumomin biyu suka haɗa shi ne Gulbin Kaba, ƙafaffen kwarin da ya bi ta ƙasar Tasawa ya wuce ta Mayahi. Sunansa ma daga kaba ya fito, wato ganyen ƙaramar goriba, wanda mata ke saƙa tabarma da faifai da igiya da shi su kai kasuwa. Makiyaya na kiwo a ciki, manoma na matsowa da gonaki, masu yankan kaba na yanka tun tana ƙarama, shi ya sa a wurare da dama kabar ba ta samun tashi ta zama goriba.

A cikin gari kuma barazanar ta yanzu ita ce yankan filaye. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 40 a garin Tasawa, kuma gandun da aka dasa a bayan gari shekaru 40 da suka wuce yau gidaje sun kewaye shi. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ma'aikatar magajin gari na da babbar murya a rabon fegi, sayar da fili kuwa hanyar kuɗi ce mai sauƙi ga hukumar da harajinta ba ya isarta. Filin da ba shi da takarda shi ake fara kallo.

Doka ba ta bar jama'a hannu sake ba. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo, masu tantance filayen amfanin jama'a kamar burtali da makiyaya su rubuta su. Dokar gandun daji ta 2004 ta yarda ƙananan hukumomi su mallaki gandu da sunansu, sannan wata doka ta watan Yulin 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfana da itacen da ya rena a gonarsa. Unguwar da ke son gandunta ya tsira daga awon fegi, abin da ke gabanta shi ne ta nemi a auna shi, a kafa masa alamun iyaka, a shigar da shi cikin taswirar gari kafin a fara rabo.