Wadda ba a ƙidaya ba, ba ta da kaso

Ƴan uwa mata, duk wadda ta taɓa riƙe akwatin asusu ta san doka: wadda ba a shaida zubinta ba, ran rabo ba ta da kaso. To, haka zancen yake wajen maganin sida.

Ba mai bi gida-gida daga Tawa zuwa Keita da Buza yana ƙidayar masu ciwo. Ma'aikatar lafiya a Yamai da hukumar ONUSIDA suna aiki ne da wani lissafin kwamfuta mai suna Spectrum. Ana zuba masa sakamakon binciken ƙasa, irin na 2012 da ya nuna mutum 4 cikin 1000, ƴan shekara 15 zuwa 49, ke ɗauke da ƙwayar a Nijar. Ana haɗawa da gwajin jinin mata masu zuwa awon ciki. Daga nan sai ya kimanta mutum nawa za su bukaci magani baɗi, masu juna biyu nawa ne a cikinsu. Da wannan kimar ake tsara sayen magani da kayan gwaji. Kun ga ke nan, in ba mu je awo ba, lissafin bai ganin mu da kyau.

Mu a Adar abin ya shafe mu ƙwarai. Bayan girbi mazanmu na tafiya ci-rani Abijan, Libiya ko Najeriya, sai goshin damina su dawo. Ba zargin kowa ake ba, amma ƙwayar na iya shekaru a jiki ba alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya ɗauka daga gare ta. In tana sha, adadin na sauka ƙasa da 5. Tunjere ma gwajin jini ke gano shi, kuma allurar fenisilin tun ciki na ƙarami tana kare jinjiri.

Yo mi za mu yi? Ran zubi, shugaba ta tambaya: wa ke da ciki ba ta fara awo ba? In kuɗin kabu-kabu ne ya hana, a ciro daga asusun taimako, guda ta raka ta likita. A lallaɓi maigida shi ma a gwada shi. Sakamako kuwa sirrinta ne, kada wadda ta tambaye ta.