GAYYAR KWAMFUTA: YADDA A KE BA MASANA ARON NA'URA

Jama'a, kowa ya san gayya. Idan gona ta fi ƙarfin mai ita, ya kan gaya wa mutanen gari, kowa ya ɗauko fartanyarsa, a raba kunyoyi, kafin azahar an gama aikin da zai ɗauki mutum guda wata cur. To, tun shekarar 1996 masana na Amurka da Turai su ke kiran irin wannan gayya, sai dai su kwamfuta su ke roƙo a ba su aro. An rubuta wannan takarda domin a bayyana muku yadda abin ya ke, da amfanin da ya haifar, da kuma abin da zai ci wa wanda ya shiga.

Ga asalin maganar. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana iya yin lissafi sau biliyoyi cikin daƙiƙa guda. Amma mai rubuta wasiƙa ko mai karanta labari ba ya taɓa ko ushirin wannan ƙarfi. Na'urar tana kunne, tana jiran ya danna harafi na gaba, kamar doki ɗaure a turke da sirdi a bayansa. A can kuwa jami'o'i akwai masu bincike da ke da lissafin da kwamfutarsu ba za ta gama ba ko da za ta shekara dubu tana yi. Babbar kwamfuta irin ta gwamnatoci kuwa kuɗinta ya wuce aljihun yawancinsu. Shi ne su ka ce, me zai hana a tara ragowar ƙarfin na'urorin jama'a ta hanyar intanet?

YADDA A KE RABA AIKIN

Mai son shiga ya kan sa wata 'yar manhaja cikin kwamfutarsa. Manhajar sai ta nemi hedkwatar aikin ta intanet, a gutsuro mata ɗan yanki na lissafi. Duk lokacin da mai na'urar bai bukace ta ba, sai ta duƙufa a kan yankin nan. Da ya dawo ya taɓa ta, sai ta janye ta ba shi wuri. In ta gama, ta mayar da amsa, ta karɓo wani. Mai na'ura ba ya bukatar sanin kome game da ilmin da a ke bincike a kansa.

Amma fa ba kowane aiki ke yiwuwa da gayya ba. Gona a kan raba ta kunya-kunya, kowa ya yi tasa ba tare da jiran ɗan'uwansa ba. Haƙar rijiya kuwa ko mutum ɗari su ka taru, ɗaya ko biyu ne za su shiga ramin. Haka lissafi ya ke. Wanda sassansa ke dogara da juna, watau sai an san amsar wannan kafin a fara wancan, ba ya dacewa da wannan hanya. Wanda ya dace shi ne mai tsagewa gida dubbai, kowane gida ya tsaya da kansa.

Wani zai ce, to in na'urar wani ta yi kuskure fa, ko wani ya aiko da amsar ƙarya don a yabe shi? An yi tanadin wannan. Ayyuka da yawa su kan aika yanki guda ga na'urori biyu ko uku waɗanda masu su ba su san juna ba, sa'an nan a gwada amsoshin. In sun yi daidai a karɓa, in sun saɓa a sake aika wa wata. Kowane yanki kuma da wa'adinsa. Wanda ya riƙe nasa har wa'adi ya cika, sai a miƙa wa wani.

WAƊANDA SU KA FARA

George Woltman ne, wani Ba'amurke, ya kafa gayya ta farko da ta shahara, mai suna GIMPS, cikin 1996. Abin da su ke nema shi ne manyan lambobi waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 7 da 31 da 127. Wadda su ka gano cikin Oktoba 2024 tana da alƙaluma 41,024,320.

Wadda ta fi jan hankalin duniya ita ce SETI@home, ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wadda a ka buɗe ran 17 ga Mayu 1999. A lokacin akwai wani makeken faranti mai faɗin mita 305 a Arecibo, cikin tsibirin Puerto Rico, mai sauraron sautin rediyo daga sararin sama. Sai a ka riƙa yayyanka abin da ya naɗo, a na raba wa jama'a, na'urorinsu su tace ko akwai saƙo daga waɗansu halittu masu hankali. Mutum fiye da miliyan 5 su ka shiga. An daina raba aikin ran 31 ga Maris 2020, ba a kuwa tabbatar da an ji kowa ba. Duk da haka ba a yi aikin banza ba, domin daga cikinsa ne David Anderson ya ƙirƙiro manhajar BOINC cikin 2002, wadda ayyuka masu yawa su ka hau kanta daga baya. Ɗaya daga cikinsu, Einstein@Home, cikin 2010 ya gano wani tauraro mai juyawa da sauri wanda ba a san da shi ba, da na'urar waɗansu mata da miji a jihar Iowa da ta wani Bajamushe.

NEMAN MAGANI

A ganin mai wannan rubutu, inda gayyar ta fi cancantar wahalar mutum shi ne wajen binciken cututtuka. Bari mu tsaya a nan kaɗan.

Jikin ɗan Adam cike ya ke da waɗansu ƙananan abubuwa da a ke kira furotin, su ne ma'aikatansa. Waɗansu na ɗaukar iska cikin jini, waɗansu na narkar da abinci, waɗansu na yaƙi da ƙwayoyin cuta. Kowane furotin a kan ƙera shi kamar dogon zare, sa'an nan ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa, kuma siffar ce ke ba shi ikon yin aikinsa. In naɗin ya karkace sai cuta ta biyo baya, kamar ciwon mantuwa na tsofaffi da likitoci ke kira Alzheimer. Magani kuwa sau da yawa wani ɗan abu ne da ke shiga wani lungu na furotin ya toshe shi, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Ke nan mai neman magani tilas ya san lungunan.

Wahalar ita ce furotin ba ya tsayawa cik, kullum cikin motsi ya ke, akwai kuma lungun da ba ya buɗewa sai jifa-jifa. Kafin kwamfuta ta kwaikwayi motsinsa na kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, sai ta yi taki wajen miliyan 500, kowane taki da tarin lissafinsa. Don haka Vijay Pande na Jami'ar Stanford ya buɗe Folding@home cikin Oktoba 2000, ya raba motsin gajere-gajere ga dubban na'urori, daga baya a ɗinke su.

Sa'ad da cutar korona ta ɓarke cikin 2020, mutane na kulle a gidajensu, sai su ka yi dafifi zuwa wannan aiki. Kafin ƙarshen Maris ƙarfin gayyar ya wuce lissafi biliyan sau biliyan cikin daƙiƙa guda, abin da babu wata kwamfuta guda da ta taɓa kai wa a lokacin. Har a ka kai ga masu rabon aiki sun kasa wadatar da 'yan gayya. Da wannan ƙarfi a ka ga yadda ƙayar da ke jikin ƙwayar cutar ta ke buɗewa don ta kama jikin mutum, a ka kuma gano ɓoyayyun lunguna fiye da 50 a furotin ɗinta. Kada dai a ɗauka kwamfuta ce ke haɗa magani. Iyakarta ta nuna inda ya kamata a duba; sauran aiki na ɗakin gwaji ne da asibiti, shi kuwa shekaru ya ke ci.

Cututtukan da su ka dame mu ma an taɓa su. Cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel a Suwizalan ta yi shekaru tana amfani da na'urorin jama'a wajen lissafin yadda gidan sauro da magani da rigakafi za su rage zazzaɓin cizon sauro. World Community Grid kuma, wadda kamfanin IBM ya kafa cikin 2004, ta tace miliyoyin sinadarai don neman maganin zazzaɓin cizon sauro, da na Ebola daga ƙarshen 2014.

ABIN DA ZAI CI MUKU

A na yawan cewa wannan kyauta ce da ba ta cin kome. Ba haka ba ne. Kwamfutar da ke hutawa kaɗan ta ke shan wuta, wadda ke lissafi ba tsayawa kuwa tana sha da yawa. Ga misali: na'ura mai cin wat 200, in ta kwana tana aiki awa 10, ta sha yunit 2 na lantarki, a wata yunit 60 ke nan. Wanda ke biyan kuɗin mita ya lissafa wannan tun kafin ya fara. Wanda kuwa da janareta ya ke samun wuta, shawararmu ita ce ya haƙura, gama kuɗin man zai fi amfani in ya kai shi asibitin garinsu. Mai farantin hasken rana da ke da ragowar wuta da tsakar rana, shi ne abin ya fi yi wa sauƙi.

Sai zafi. Na'ura mai aiki tana ɗumama, a watannin bazara kuwa ɗaki ya riga ya yi zafi, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka. Ku ajiye ta inda iska ke ratsawa, ku riƙa kakkaɓe ta, ku kuma umurci manhajar ta yi amfani da rabin ƙarfin kawai. Kwamfutar tafi-da-gidanka da waya sun fi saurin jigata, batirinsu kuma ba ya son zafi. Karɓo aiki da mayar da shi na cin data, saboda haka ku duba yawan abin da ya tafi a makon farko.

Galibi ba a biyan kowa ko sisi. Maki a ke rubuta wa mutum gwargwadon aikin na'urarsa, a kan kuma kafa ƙungiyoyi a yi ta tsere. Duk wanda ya zo muku da wata manhaja yana cewa ku biya kuɗin rajista, ku guje shi, domin akwai ɓarayi masu sa na'urar mutane ta riƙa haƙar kuɗin intanet a ɓoye, ribar ta tafi aljihunsu. Ku sauko da manhaja daga shafin aikin kansa.

Ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta su lura ƙwarai: kwamfutar ofis ba taku ba ce, wutar da za ta sha ma ba taku ba ce. A jihar Georgia ta Amurka an taɓa gurfanar da wani ma'aikacin kwaleji gaban shari'a don ya sa irin wannan manhaja a na'urorin makarantar ba da izini ba. Wanda ya ga ofishinsu na da na'urori masu kwana a kunne, ya rubuta wa shugabansa takarda, ya bayyana aikin da kuɗin wutar da zai ci, ya jira amsa a rubuce kafin ya taɓa kome.