Waya ba ta gama da ƙaramar kyamara ba

Tun 2008 da Panasonic ya fito da Lumix G1, kyamarar da babu madubi cikinta, masu ɗaukar hoto don sha'awa suka samu na'ura mara nauyi da ake canza wa gilashi. Ɗalibin zane a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, sai ya jefa ta a jaka ya nufi Sabon Gari. Masu cewa waya ta kashe kasuwarta suna da hujja, tunda Olympus ma ya amince da sayar da sashensa na kyamara a 2020. Amma waya ba ta jawo tsuntsun da ke tsallaken dam ɗin Kubanni kamar dogon gilashi. Barazanar da kyamarar ke fuskanta a Zariya tsadar dala ce, sai ƙurar hunturu da ke shiga da zarar an cire gilashin, don haka makomarta na hannun masu sayar da na hannu da masu gyara.